Rudun Albasa

Shekarar da aka yi mini baftisma
ruwan tabki bai kai ƙugu ba.
Sai da Baba Tankari ya durƙusa cikin laka
kafin ya iya nutsar da ni.
Na fito ina tari, ina dariya,
taɓo har cikin kunne,
na ce wa Yesu: ko wuta ce, mu je.

Keke ɗaya gare mu a lokacin, ni da Filibus.
Mu baro Kufan Tawa tun zakara bai gyara murya ba,
mu share majami'a, mu jera benci,
mu tsaya jiran mutane kamar masu jiran ango.
Kawuna ya raba kwanonsa da nawa,
ban ji ciwo ba.
Yunwar shekarar nan ma gardi gare ta.

Ban taɓa musunsa ba, a rubuta wannan.
Ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya.
Abin dai, ran Lahadi kasuwar Tawa ke ci,
buhu ya hau jaka talatin,
kuma direban Abijan ba ya jiran Amin.
Na ce yau kaɗai.
Mako ya zagayo na zo, amma bencin baya, dab da ƙofa,
waya na motsi a tafina kamar ɗan tsako.
Daga nan sai na koma aika baiko ta hannun Damaris,
kowane ƙarshen wata, ba fashi,
kamar mai biyan kuɗin wuta don kada a yanke.

Addu'ar asuba ta zama ta kan hanya.
Ta kan hanya ta ƙanƙance
ta zama "Allah ya kiyaye" da kowane ɗan kamasho ke faɗi.
Littafin da na ɗinka wa rigar fatar akuya
yana cikin akwatin mota har gobe,
takardun duwan na kwance a tsakiyarsa.
Nan ne ba sa ɓata.

Duk wanda ya kwana a rudu ya sani:
albasa ba ta fara ruɓa daga waje.
Ɓawo ja wur, yana ƙyalli,
mai saye ya ɗaga ya yaba.
Sai ka danna wuyanta da babban yatsa
ka ji ya lotsa.
Ni ma ana gaishe ni da "ɗan'uwa" a bakin banki,
har an sa sunana cikin masu sayen kwanon rufi.

Shekaranjiya Baba Tankari ya zo rumfata,
jikarsa riƙe da sandarsa, idon ya tafi.
Tiya guda yake so.
Da na faɗi kuɗi sai ya karkata kai:
"Wannan ba yaron da ya sha mini ruwan tabki ba ne?"
Na shirya wa faɗa, na tanadi uzuri buhu-buhu.
Bai yi ba.
Ya ce, "Wurinka na gaba, gefen taga,
randa muka ajiye a kai don kada a saba zama.
Ba nauyi gare ta ba. Yaro ma ya ɗauke ta."
Ya biya, ya ƙi ragi, suka tafi.

Yau Asabar, dare ya raba.
Tirela za ta iso da asuba, an kira ni sau uku.
Damaris ta goge farar rigata ta rataye a ƙusa,
ba ta ce komai ba, shekara tara ke nan tana haka.
Ina zaune cikin rudu da fitilar hannu,
ina danna wuyan albasa ɗaya bayan ɗaya,
ina laluben baiti na biyu
na waƙar da muke yi a kan keke.
Na farkon ya zo.
Na biyun ya tsaya a bakin ƙofa,
ko shi ke jirana, ko ni ke jiransa.